Labarin da Ummul-Khairi Ta Bari Babu Kalmasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayenshi, da sahabbanshi.

Shugaban wanga zama, Alhaji Rilwanu, dattijon kasuwa, inuwar da muke fakewa idan rana ta take. Mai girma wakilin magajin garin Malanville. Mai girma daraktan kwalejinmu, da malamai maza da mata da ke tare da shi. Limamanmu da masu unguwanninmu. Iyaye da sunka taso daga Garou da Madécali da Guéné, wasu bisa moto, wato babur, wasu bisa keke, wasu bisa ƙafar da Allah Ya ba su. Iyayenmu mata da sunka rufe rumfunansu na kasuwa don su zo su ji abin da yaransu sunka rubuta. Sannan ku ɗalibai, ku da munka taru dominku, ku ne na ƙarshe a gaisuwa, ku ne na farko a zuciya: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Na yi sallama ga taron 'yan'uwa,
Masu dashe da masu zaman kasuwa,
Kogi ya ba mu kifi, ya ba mu ruwa,
Yau yaranmu sun ba mu abin tunawa.

Bayan gaisuwa sai godiya, don wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Muna gode wa darakta, wanda ya buɗe mana ƙofar lakkwal, wato makaranta, ranar da ba ta karatu ba ce. Muna gode wa Madam Balkissa, malamar Faransanci, wadda ta fara tara yaran ga ƙarƙashin itace bayan an tashi, tana cewa kowa ya kawo labari daga gidansu, da Faransanci ko da Hausa ko da Dendi, duk harshen da labarin ya fi jin daɗin zama cikinshi. Muna gode wa Mushe Abdoulrazak, wanda ya karanta rubutun kowane yaro da jan biro a hannu da tausayi a zuci. Muna kuma gode wa 'yan kasuwa da sunka haɗa littattafai da keken da kuke gani jingine a can.

Ni kuwa da ke tsaye gabanku, ga wanda bai san ni ba, sunana Mahamadu, atamfa nike sayarwa a layin 'yan tufafi. An sa ni cikin alƙalan wagga gasa ne don an san ni da ciwon waƙa, ciwon da uwargidana Sa'a ta ce ya kai matuƙa, tunda ko ruwan sha zan roƙa sai na nemo mashi amsa-amo. Na karɓi aikin da fargaba, na gama shi da mamaki, kuma mamakin ne ya kawo ni gabanku.

Jama'a, tambayar da nike so mu duba ita ce: mi ke mayar da magana labari? Kullum muna magana, a tasha, a masallaci, a bakin kogi, amma ba kowace magana ake zama dominta ba. Awon da na sani guda ne, kuma kakata ce ta ba ni shi. Idan mai magana ya tsaya ya haɗiye yawu, sai mai saurare ya kasa haƙuri ya ce, "To, sai mi ya faru?", to labari ya samu. Idan kuwa ya tsaya sai mai saurare ya fara neman takalminshi, to sai a sake shiri. Ku riƙe mani wagga tambaya, ɗalibai, za mu dawo gare ta.

Mai atamfa ba ya bayanin tufa da baki kawai, sai ya warware turmi bisa tebur. Don haka zan warware maku labari guda daga cikin waɗanda anka kawo mana, na Ummul-Khairi ɗiyar Malam Issufu na Garou, 'yar aji na biyu a kwalejin ga. Na nemi izinin mahaifinta kafin in buɗe baki, don abin ya shafi gidanshi. Ya ce mani in faɗi, ai Garou duka ta riga ta sani, amma da sharaɗin in shaida wa jama'a cewa albasarshi ta bana ta fi ta kowa kauri. To, jama'a, na shaida maku, na sauke nauyi.

Abu na farko da labari ke buƙata shi ne mutum. Da yawa cikinku kun fara da "wani mutum mai kirki" ko "wata mata mai mugun hali". Yarana, kirki ba shi da fuska, mugunta ba ta da murya; in na gamu da mutumin ku a kasuwa ba zan gane shi ba. Ku ji yadda Ummul-Khairi ta yi. Ta kawo wani manomi ta sa mashi suna Na-Allah, ta ce mutum ne da in ya shiga gona yakan yi wa albasa magana da taushin da bai taɓa yi wa yaranshi ba, in ya shigo gida kuma sai ya bar taushin can bakin fangali tare da fartanya. Ta kawo ɗanshi ta sa mashi suna Ɗan'inna, yaron da ya bar noma tun yana ƙarami ya zo Malanville koyon gyaran inji. Ta ce duk ranar da ya je gida, kafin a kawo tuwo sai ya zaga bayan ɗaki ya yi ta dirje hannunshi da yashi da sabulu, don kada uban ya ga baƙin mai ƙarƙashin farcenshi a cikin akushi. Kun ji? Ba ta ce uban mai tsauri ne ba, ba ta ce ɗan mai kunya ne ba. Ta nuna mana bakin fangali, ta nuna mana farce, mu da kanmu munka gane sauran. Wanga shi ne mutum a labari: abu ƙarami da shi kaɗai ke yi, wanda in ka gani ka ce na san shi.

Abu na biyu shi ne wuri, kuma nan zan ɗan ja kunnenku cikin ƙauna. Na karanta labarin wani ɗana a nan, ba zan kama suna ba, inda jaruminshi ya fito gida ƙanƙara na zuba kamar auduga, ya ja babbar riga, ya shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin ƙanƙara. Ya ce ya gani, cikin kular mai sayar da bisap, wato zoɓo. Rubutunshi yana da kyau ƙwarai, hannunshi yana da albarka, amma aron riga ya yi, kuma rigar aro ba ta kai idon sawu. Ummul-Khairi ta tsaya inda ƙafarta ta sani. A labarinta za ka ji ƙarar injunan ban ruwa da safe sun jeru bakin kogi suna amsa wa juna kamar kwaɗin damina. Za ka ji warin lawashi ya kama tufa har sabulu ya gaza. Za ka ga balbela na bin ruwa fangali bayan fangali. Wanda bai taɓa zuwa Garou ba, in ya gama karantawa zai iya kai kanshi gonar Na-Allah ba tare da ya yi tambaya ba. Ku rubuta Madécali, ku rubuta tashar Guéné, ku rubuta layin 'yan kifi. In ba ku rubuta su ba, wa kuke jira ya zo daga nesa ya rubuta maku?

Abu na uku shi ne muradi. Mutumin da ba ya son komai, ko ka yi mashi ado kamar ango, gunki ne. Dole ya kasance yana neman wani abu, dole kuma mu san mi yake nema, don mu bi shi da zuciya. Na-Allah yana son albasarshi ta zauna lafiya cikin rudu, wato rumfar zana da ake ajiye ta, har damina ta shigo ta yi daraja. Ɗan'inna kuwa abin da yake so ba a auna shi da buhu. Uban ya saba cewa, gaban baƙo da gaban ɗan gida, yaron da ya ajiye fartanya ya ɗauki ƙarfe bai da wani amfani ga gidan manomi, albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Shi kuwa yaron rana guda yake jira, ranar da uban zai dubi aikin hannunshi ya ce madalla. Kalma guda, jama'a. Akwai waɗanda ke zaune nan da furfura a gemu, har yau suna jiran wagga kalma.

Abu na huɗu shi ne ƙulli, kuma nan ne yarinyar ga ta sa na ajiye takarda na tashi na zagaya rumfata. Ku mutanen kwari kun san abin da zan faɗa, amma don 'yan cikin gari irina bari in yi bayani. Albasa in ta ƙosa, lawashinta ya fara kwanciya, manomi yakan yanke mata ruwa ya bar ta da ƙishirwa kafin ya cire ta. Wagga ƙishirwa ita ke ɗaure mata wuya ta busar mata da riga. Albasar da ta sha ruwa dab da cira kyakkyawa ce a ido, amma ba ta zaman rudu. To, albasar Na-Allah ta kai wanga matsayi. Sai anka aiko mashi da rasuwa daga Madécali. Kafin ya tafi ta'aziyya, ya kwance bujin injinshi na ban ruwa, wato fulogin da ke kunna shi, ya jefa aljihu, don kada wani yaro ya yi karambani ya tayar da shi.

Yana barin gari, sai ga Ɗan'inna ya zo gida. Ya leƙa gona, mi zai gani? Lawashi ya kwanta, ƙasa ta tsage, inji na zaune shiru babu buji. Yaron da ya bar gona tun bai san lokutanta ba, abin da idonshi ya faɗa mashi shi ne: injin Baba ya mutu, albasar Baba na mutuwa, Baba kuma ba ya nan. Zuciyarshi ta ce mashi ga ranar da kake jira. Ya koma Malanville ya ɗauko kayan aiki da sabon buji, ya kwance injin gaba ɗaya bisa buhu, ya wanke, ya goge, ya gyara har tsohon tarin da injin ya daɗe yana yi. Ƙanwarshi na tsugune gefe tana riƙe mashi ƙusoshi cikin kallabi. Da injin ya tashi, ta ce muryarshi kamar ta sabon ango. Ya shayar da gonar nan tun daga kai har gindi, bai bar fangali ko guda da ƙishirwa ba, sannan ya gaya wa ƙanwar kada ta faɗa wa Baba, yana so ya gani da idonshi.

Baba kuwa ya gani da idonshi. Anka cire albasa, anka jera a rudu, kafin damina ta leƙo wari ya riga ta isowa. Ranar da anka kwashe ruɓaɓɓiyar albasa da kwanduna ana zubarwa, Na-Allah bai yi faɗa ba, bai ɗaga hannu ba. Da anka kawo tuwo, yaron ya wanke hannu ya matso, sai uban ya ja akushi gabanshi ya ce:

"Hannun da ya shayar da gonata, kada ya ƙara shiga akushina."

Yaron ya tashi. Bai koma ma garejin Malanville ba, don nan kusa ne, za a gan shi. Ya wuce Guéné ya nemi aiki bakin babbar hanya.

Ɗalibai, ku dubi wanga ƙulli da kyau. Wa ya yi mugunta a ciki? Uban da ya cire buji ya yi daidai. Ɗan da ya sa buji ya yi don ƙauna. Babu maye, babu ɓarawo, babu aljani, amma ga gida ya tsage. Ƙullin da ya fi ƙarfi shi ne wanda mutanen kirki biyu sunka ja, kowa ta bakinshi. Ku kuma lura da abin da labari ke iya yi wanda rahoto ba ya iyawa. Rahoto zai ce yaro ya shayar da albasa ta ruɓe, shi ke nan. Labari shi ke zagayawa da kai bayan ɗaki ya nuna maka yashi da sabulu, ya gaya maka dalili.

Na juya takarda don in ga yadda anka ƙare, sai na tarar da fari fat. Labarin ya tsaya daidai inda yaron ya hau mota zuwa Guéné.

Wanga ya kawo mu abu na biyar, wato ƙarshe. A sana'armu, zane komai kyan zanenshi, in ba a yi wa bakinshi kalmasa ba, zare zai yi ta zarewa har ya lalace. Ƙarshe shi ne kalmasar labari. Ba dole ya zama na daɗi ba, amma dole ya fito daga cikin ƙullin, kamar yadda kalmasa ke fitowa daga jikin zanen. Ba a saukar da jirgin sama a ƙarshen labarin da anka fara da jaki. Mu alƙalai munka zauna. Mushe Abdoulrazak ya ce doka a fili take, labarin da ba shi da ƙarshe bai cika ba, kuma in munka ɗaga wa yaro guda ƙafa mun zalunci sauran. Madam Balkissa ta ce ba ta musa doka ba, amma ita ba ta taɓa karanta irin wanga daga hannun yaro ba. Duka biyunsu suna da gaskiya. Kun ga mu ma mun samu namu ƙulli. Sai munka aika a kira yarinyar.

Ta zo ta durƙusa. Na ce mata, ɗiyata, ko takarda ce ta ƙare, ko biro ya tsaya? Ta ce a'a. Na ce to rubuta mana layi kaɗan, ko ya dawo ko bai dawo ba, mu dai mu ga bakin zane. Sai ta ce:

"Baba Mahamadu, in na rubuta ya dawo, na yi ƙarya. In kuma na rubuta bai dawo ba, ina tsoron bakina."

A nan munka gane. Na-Allah shi ne Malam Issufu. Ɗan'inna shi ne Rachidi, wanta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun albasar bara bai taka Garou ba, ko da sallah. Ƙanwar da ta riƙe ƙusoshi cikin kallabi ita ce ke durƙushe gabanmu. Keke bai dame ta ba, littattafai ba su dame ta ba. Abin da take so shi ne wanta ya dawo gida, kuma ba ta san ta inda ɗiya mace za ta ɓullo wa ubanta da irin wagga magana ba. Munka ce mata muna jiran ƙarshe har kafin ranar taro. Ni kuma na ƙara da tambaya guda: ko ta taɓa ba wani labarin ga da baki? Ta ce ba ta taɓa ba. Na ce labari kamar tuwo yake, ba a san ya nuna ba sai an ajiye shi gaban mai ci. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Wanda za ta ajiye wa, ita ta zaɓa.

Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakin su uku, uba da ɗa da ɗiya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Wata rana da la'asar Malam Issufu na zaune bakin rudu yana tsince albasar bana, yana ware mai tabo daga mai lafiya. Ummul-Khairi ta zauna tana taya shi, ta ce an sa su aikin labari a lakkwal, tana so ya ji ko ya yi. Ya ce ta faɗi, kunne ba ya hana hannu aiki. Ta fara da Na-Allah mai yi wa albasa magana. Malam Issufu ba yaro ba ne. Ya gaya mani tun a jimla ta biyu ya gane rigarshi ce anka rataya wa wani, ya yi niyyar ya ce ta tashi, sai ya ga bari ya ji iyakar rashin kunyar 'yan lakkwal. Amma da ta zaga da shi bayan ɗaki, wurin yashi da sabulu, sai hannunshi ya rage sauri. Bai taɓa sanin wanga ba. Da ta kai inda yaron ke kwance inji cikin rana yana cewa kada a faɗa wa Baba, sai hannun ya tsaya. Shi duk wanga lokaci ya ɗauka raini ne, ɗan birni ya zo ya nuna wa tsoho iyawa. Ta kai inda yaron ya hau mota, nan labarin ya tsaya.

Dattijon na riƙe da albasa guda, bai sa ta cikin masu lafiya ba, bai sa ta cikin masu tabo ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"To, sai mi ya faru?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Kai ka sani."

Jama'a, kun san iyayenmu. Dutse zai fi saurin cewa "yi haƙuri" bisa ga uba ya faɗa wa ɗanshi. Malam Issufu ya ci gaba da tsince albasarshi. Washegari ya ɗauko injin ban ruwa, injin da tun gyaran bara ko tari bai sake yi ba, ya ɗaure shi da roba bayan moton maƙwabcinshi, ya hau. Ya shigo Malanville, ya wuce gareji bayan gareji, masu gyara na ɗaga mashi hannu suna kira, bai waiwaya ba. A shingen hanya wani jandarma ya dubi kayan ya tambaye shi ko masu gyara sun ƙare a Malanville ne. Ya ce injin nan hannu guda ya sani.

Ya isa Guéné ya tarar da Rachidi ƙarƙashin wata mota. Yaron ya fito, ya ga wanda ke tsaye, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɓoye hannuwa bayanshi. Uban ya amsa kamar jiya sunka rabu, ya nuna inji da haɓa ya ce yana ba shi wahala. Rachidi ya sauke shi, ya duba buji, ya duba mai, ya ja igiya sau guda, inji ya kama kamar yana jira. Babu abin da ya same shi, uban ya sani, ɗan ya sani, kowa kuma ya san ɗan'uwanshi ya sani. Yaron ya kashe injin, ya daɗe yana goge shi da tsumma, sannan ya ce:

"Baba, irin wanga ciwo ba ya nunawa a tudu. Sai an gwada shi bakin ruwa."

Uban ya ce shi ma haka ya yi zato.

Sunka ɗaure inji a tsakiya, ɗa na tuƙi, uba na baya. Da sunka isa bakin kogi anka tayar da shi, Rachidi ya riƙe tiyo bai sake shi ba, ya tambaya ina za a sa ruwan. Malam Issufu ya ce, "Ga shinkafa can. Albasa ta ƙoshi tun bara." Ummul-Khairi ta ce a ranar ta fara jin ubanta ya yi dariya cikin gona da wani mahaluki wanda ba albasa ba. Da anka kawo tuwo, yaron ya tashi zai zaga bayan ɗaki neman yashi, sai uban ya tura akushi tsakiyar tabarma ya ce:

"Bar shi hakanan. Sa hannu, tuwo na hucewa."

Da wagga jimla yarinyar ta rufe labarinta, ta kawo mana shi kafin wa'adi. Mushe Abdoulrazak ya karanta, ya nemi inda zai sa jan biro bai samu ba, ya mayar da shi aljihu.

Zare ya ƙullu a bakin rudu,
Uba a kwari, ɗa can a tudu,
Ɗiya ta ja shi a hankali, ba gudu,
Ga su a akushi guda sun haɗu.

Saboda haka, da yawun alƙalai uku, keken ga na Ummul-Khairi Issufu ne, kuma in ya lalace ta san inda za ta kai shi. Sauran ɗalibai, kowa da littafinshi, kowa da yabonshi, har mai ƙanƙara, wanda ya yi mani alkawarin badi zai rubuto mana kular mai bisap da mai ita. Ku tafi da abin da kunka ji: ku nemo mutum har farcenshi, ku tsayar da shi a ƙasar da kunka sani, ku ba shi abin so, ku ƙulla mashi ƙulli na gaskiya, sannan ku yi haƙuri har ƙarshe ya fito daga cikin ƙullin. Ku kuma iyaye, ina roƙonku, in yaro ya ce zai ba ku labari, kada ku ce ya tafi wasa. Ku ba shi kunne ko hannunku na cikin aiki, don mai yiwuwa yana ɗauke da rabin zancen da ba ku taɓa ji ba.

Kafin in sauka, wagga murya tawa da ke kai wa har bayan fili, ba ƙarfin maƙogwarona ba ne. Ku waiwaya can gindin katanga, inda injin wuta ke aiki tun safe bai yi tari ba. Saurayin da ke tsaye kanshi shi ne Rachidi. Dattijon da ya ƙi kujerar da munka ajiye mashi a gaba, ya ja benci ya zauna kusa da shi cikin hayaƙi yana riƙe mashi kayan aiki, ba sai na faɗi sunanshi ba; na riga na yi mashi tallar albasa.

Allah Ya albarkaci yaranmu, Ya buɗa ƙirjinsu, Ya sa alƙalaminsu ya zama mai ɗinki. Allah Ya saka wa malamansu da alheri, Ya ƙara wa shugabanninmu adalci da lafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa kogi ya cika bai yi ɓarna ba, Ya sa albasa ta zauna lafiya a rudu. Duk gidan da ke da wani a nesa, kusa da hanya ko bayan ruwa, Allah Ya karkato da shi, Ya haɗa hannuwa cikin akushi. Waɗanda sunka riga mu, Allah Ya jiƙansu. Ku da kunka zo, Allah Ya mayar da kowa gidanshi lafiya, ya tarar da iyali lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.